Kaset ɗin da Ba a Juyawa

Na san abin da ake gaya muku a gidajen biki idan na ba da baya. Ana cewa uwarku ta yanke maganar ubanta da na'ura. Wasu su ce don ta taimaki Abzinawa ta yi, wasu su ce don ta taimaki yayanta, kuma abin haushin shi ne bakin da ya faɗi na farko a wannan gida shi zai faɗi na biyu idan an koma wancan. Na yi shiru shekaru da yawa saboda kawunku Isuhu yana raye, ba na so ku riƙa durƙusa masa da wani abu a ranku. Yanzu ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, ni ma gwiwa ta fara ba ni nata labarin. Don haka ga yadda abin ya faru, ku karanta ku ajiye.

Kakanku Nomau yana da rijiya a arewacin Dakoro, ta wajen Rumbu. Ku da kuka tashi kuna murɗa famfo ba ku san irinta ba. Zurfinta ya kai sai raƙumi ko sa ke jan wasakin, wato babban gugan fata, ya yi tafiya mai nisa da igiya kafin ruwa ya iso baki. A bakin rijiyar an kafa gwafa uku, wato itace mai baki biyu inda ake ɗora abin da igiyar ke gudu a kansa. Wanda ke da gwafa shi ke da ikon shayar da dabbobinsa ba tare da ya roƙi kowa ba, kuma a ƙasarmu da rani wannan ya fi gona. Biyu namu ne. Ta gabas kuwa, tun ina yarinya gidan Agali ke ja da ita, wani Ba'abzine abokin Baba. Ko aro ce, ko kyauta, ko ladan haƙar da suka yi tare, ba wanda ya taɓa tambaya, tunda su biyun suna nan suna shan shayi a inuwa ɗaya. Da Agali ya rasu ɗansa Gumar ya ci gaba da ja, Baba bai hana shi ba.

A lokacin ina aiki a ƙaramin gidan rediyon garinmu, ina shirin mata da na tsofaffi. Wani furoje na masu ba da tallafi ya kawo mana na'urori biyu na ɗaukar magana, babba da ke zaune a situdiyo, da ƙarama ta rataya da muke fita da ita, wadda aro ce kawai suka ba mu. Sunansu DAT. Mushe Abdu (Mushe shi ne Malam a bakin 'yan Faransanci), mai kula da kayan aikinmu, shi ya koya mini, kuma mutum ne da in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya fara da yadda ake ƙera agogo. Kaset ɗinsu ƙarami ne, bai cika tafin hannu ba, yana da murfi da ke rufe zaren, ba ka ganin komai sai na'urar ta buɗe shi da kanta a ciki. A kaset irin na gida, murya tana kwanciya a kan zaren yadda take, shi ya sa idan zaren ya tsufa muryar ma ta tsufa, ga kuma wannan shuuu da ba ya rabuwa da ita. Wannan kuwa ba murya yake ajiyewa ba. Na'urar tana auna muryar sau dubu arba'in da takwas a sakan ɗaya, kowane awo ta mayar da shi lamba, lambobin take rubutawa a zaren, in an zo saurare ta karanta su ta sake gina muryar. A cikinta akwai wani ƙarfe kamar murfin gwangwani, a ɗan karkace, yana juyawa da gudu, zaren kuma yana tafiya a hankali yana shafar gefensa, sai rubutun ya fito layi-layi a gicciye, kowane layi ya fi gashin kai siranta. Shi ya sa ba a juya kaset ɗin, hanya ɗaya yake tafiya. A gefen muryar kuma tana rubuta agogonta, minti da sakan, daga farko har ƙarshe.

Abu biyu Mushe Abdu ya yi ta nanata mini har na gaji. Na farko, in lambobi kaɗan suka ɓace tana iya lissafawa ta cike gurbin, amma in sun yi yawa ba ta kame-kame, bakinta take rufewa ɗif. Na biyu, akwai wasu sanduna da ke hawa da sauka a fuskarta idan ana magana, kuma in suka taɓa ƙololuwa murya ta fashe ke nan, babu gyara.

“Madam, kunne ga kaske, ido ga sanduna,” in ji shi, yana nuna kaske ɗin, abin sauraren da ake sawa a kunne. “Ma'anar zance ki bar ta sai kin komo. Zance ba shi gudu, yana ciki.”

Da wannan karatu na je wa Baba, shekarar da jikinsa ya fara ƙi. Ina shirya wani shiri a kan tsofaffin rijiyoyi, na ce wa zai ba ni labari ya fi shi. Da hantsi ne, gida cike, ana daka, awaki na kuka, Yaya Isuhu da ƙannenmu maza suna zaune wajensa. Na sa kaske a kunne na ji duk wannan yana shiga fes, har ƙarar ƙudan da ke kan ƙwarya, don na'urar ba ta da shuuu ɗin da zai rufe mata komai. Sai na tashi na yi abin da nake yi a kowane gida: na tsayar da daka, na sa aka kora awaki, na roƙi mazan su ba mu wuri. Yaya Isuhu ya daɗe yana kallona kafin ya ɗauki takalmansa.

“Yau kuma ni aka kora daga gaban ubana,” ya ce. “To, madalla da lakwal.”

Na ɗauka wasa yake da karatun bokona, na yi dariya. Baba ya yi magana mai tsawo. Muryarsa ta riga ta lalace, yanzu ta yi ƙasa kamar raɗa, yanzu tari ya taso ta yi sama, ni kuwa yatsana a kan maɓalli ina ragewa ina ƙarawa, idona bai bar sandunan ba. Na ji farkon labarin, yadda suka sami wurin da yadda ƙasa ta rufta da wani mahaƙi aka ciro shi da rai. Can wajen ƙarshe pil, wato batirin na'urar, ya fara nuna zai mutu, hankalina ya rabu biyu. Na san ya ambaci Agali, na san ya ɗaga yatsa yana magana. Abin da ya faɗa kuwa bai zauna mini ba. Da na koma situdiyo farkon na ɗauka na yi shirina da shi, don ya ishe ni, na ce sauran sai wani mako. Kafin wani makon Baba ya kwanta, bai tashi ba. Na sa kaset ɗin a akwati, ban iya sauraronsa ba. Ƙaramar na'urar kuma masu ita suka zo suka mayar da abarsu Maraɗi.

Damina ta zo ba ta yi kyau ba, ruwa ya ɗauke da wuri. Kafin tsakiyar rani rijiyar ta ja baya, sai an jira ta taru. Shanun Yaya Isuhu sun yi yawa a lokacin, suna tsayuwa a rana har la'asar ba su sha ba, raƙuman Gumar kuma suna sha a gabas. Ba zan ce yayana mugu ba ne, wanda ya ga saniyarsa ta durƙusa don ƙishi ba ya tunani irin na mai zaune a inuwa. Ya aika wa Gumar cewa aron da Baba ya ba ubansa ya ƙare da ƙarewar su biyun. Gumar ya ce bai san zancen aro ba, ubansa ya haƙa rijiyar nan da hannunsa. Magana ta je gaban mai gari. Tsofaffin da suka ga haƙar duk sun mutu. Sai wani ya tuna ya ji muryar Nomau a rediyo yana zancen rijiya, aka ce a tambayi 'yarsa ko akwai saura.

Na ce akwai, kuma na yi murna, Allah ya sani, don na ɗauka Baba zai raba gardamar da bakinsa kowa ya huta. Matsalar farko ita ce kaset ɗin ba ya shiga rediyon kowa. Dole mai gari da dattawa biyu da Yaya Isuhu da Gumar suka zo Dakoro ranar kasuwa, suka cire takalma suka cushe a ɗan situdiyonmu. Tun kafin a kunna Yaya ya karɓi kaset ɗin yana jujjuya shi.

“Wanga wane irin kaset ne da ba a ganin cikinai? Ina bayanshi?”

“Ba shi da baya, Yaya. Ba a juya shi.”

“Kaset duk duniya ana juya shi. Mi anka ɓoye ga bayan wanga?”

Mushe Abdu ya kunna. Muryar Baba ta cika ɗakin, da tarinsa, da numfashinsa, kamar yana zaune a kan tabarma tare da mu. Wani dattijo ya yi salati. Gumar ya ja rawaninsa ya rufe har ido. Ni kuwa hawaye kawai nake, rabona da muryar tun yana raye. Aka yi ta saurare har aka iso wurin, Baba ya ce:

“Zancen gwahwar gabas kuwa, ku saurara da kyau, ga abin da munka yi da Agali.”

Sai muryar ta yi wani ƙas-ƙas, ta ɗauke. Shiru, ba irin shirun kaset da kake jin iska a ciki ba, shiru kamar an rufe ƙofa. Muka zauna muna kallon na'urar tana tafiya. Da muryar ta dawo, Baba na cewa:

“To, shi ke nan, na hwaɗa. Wanda ya ji shi gaya ma wanda bai ji ba.”

Aka mayar baya, aka sake, aka sake. Wuri ɗaya take ɗaukewa, wuri ɗaya take dawowa. Ba wanda ya dubi na'urar kuma, ni ake duba. Mutanen nan duk sun san kaset, sun girma da shi. Sun san in ya lalace murya tana rawa, tana jan ƙafa, amma ana jin ta. Shiru mai tsabta irin wannan a saninsu hannu ne ke yin sa. Mushe Abdu ya tashi yana nuna musu agogon da ke fuskar na'urar, ya ce su duba, lambobin suna tafiya daidai a cikin shirun, ba su yi tsalle ba, da an yanke zaren ko an goge da sun nuna. Ya ce kusan tabbas maganar tana nan. Ƙaramar na'ura ce ta rubuta, karkatar ƙarfenta ta ɗan bambanta da ta babbar, shi ya sa babbar ke karantawa da ƙyar, inda abin ya yi mata yawa ta yi shiru. A kai kaset ɗin Maraɗi a sa a wadda ta rubuta shi, za a ji.

“Su lambobin wa ya sa su ciki?” in ji Yaya. “Ba ku ba? Ke Mariyama, ranar nan mi ya sa kinka hidda mu?”

“Don ƙara, Yaya. Haka nike yi ko'ina.”

“To ke da kinka zamna, mi Baba yac ce?”

Na ce ban riƙe ba, hankalina yana kan sanduna. Ina faɗa na ji yadda maganar ta fita, ni kaina da wata ce ta faɗa mini da ban yarda ba. 'Ya ta zauna gaban ubanta, abu a kunne, ita kaɗai, ta ce ba ta ji ba. Yaya ya yi wata dariya ta hanci. Na juya wajen Gumar ina neman sauƙi, sai na ga idonsa ya fi na Yaya sanyi. Shi lissafinsa daban ne: Baba ya ce gwafar tasu ce har abada, ni kuma na share don gidanmu. Yaya kuwa ya tabbata Baba ya ce aro ne, na share don mijina, babanku, yana sayen raƙuma a hannun Gumar. Daga ranar duk inda na bi a kasuwa sai in ji zance ya tsaya.

Mai gari ya ce a je Maraɗi kasuwa mai zuwa, da ni da Mushe Abdu da mutum ɗaya daga kowane ɓangare. Sai Yaya ya ce to, amma kaset ba zai kwana a hannuna ba, wanda ya iya cire magana ya iya sa wata. Shi ne babba, muryar ubansa ce, shi zai riƙe. Gumar bai so ba, amma a ganinsa da kaset ɗin ya zauna wajena gara ko'ina, sai ya yarda. Mushe Abdu ya yi mini ido kada in yarda. Ba mu da na'ura ta biyu da za mu kwafi lambobin, abin da muke da shi kwafi ne a kaset na gida, da shirunsa a ciki. Na tsaya da abin a hannu. In na hana, na tabbatar musu da zarginsu a gaban mai gari. In na ba da, na rabu da abu ɗaya tak da zai wanke ni. Na tura ɗan maɓallin da ke hana gogewa, na miƙa masa da hannu biyu. Na ce kada ya bar shi a rana, kada ya ajiye shi kusa da lasifika, kada ruwa ya taɓa shi. Duk abin da aka koya mini na faɗa. Ban ce kada ya buɗe ba, don ko a mafarki ban kawo wani zai buɗe ba.

Akwai wani mai gyaran rediyo a kasuwa, Sule, wanda duk garin ke kai wa kaset idan ya tsinke. Gwani ne a aikinsa, yana kwance kaset ya juye zaren a wani gidan, ya naɗe da biro, ya liƙe da jan farce, ya fito kamar sabo. Wajensa Yaya ya nufa tun bai bar gari ba, yana so ya ji ubansa da kunnensa, a rediyon da ba na gidan rediyo ba. Sule ya kwance ƙananan kusoshin ya duba, ya ga faɗin zaren daidai yake da na kaset ɗin da ya sani, kuma gaskiya ne, faɗinsu ɗaya. Ya ce ai wannan wayon Turawa ne kawai don a sayi na'urarsu. Kaset ɗin yana tsaye inda muka bar shi, daidai bakin shirun, tunda nan muka yi ta maimaitawa. Nan Sule ya sa almakashi, ya ɗaura abin da ya biyo baya a gidan wani tsohon kaset, ya sa a rediyonsa, mutane sun taru. Ba abin da ya fito sai iska. Suka juya, iska. Zaren kuma ya fi na gida siranta nesa ba kusa ba, rediyon ya kama shi ya tauna, ya naɗe a ƙarfe. Suka jawo, Sule ya yanke inda ya cukurkuɗe ya yar, ya liƙe sauran, suka sake gwadawa.

Ina tsakar gida ina tankaɗe Yaya ya yi sallama. Bai zauna ba. Ya ajiye mini abu biyu a kan tabarma, gidan kaset ɗina a buɗe da wani tsohon kaset mai jan farce a jiki.

“Ga abinki. Gaban mutane munka sa shi, gaba da baya. Babu kowa ciki.”

“Yaya, mi kunka yi?”

“Babu Baba ciki, Mariyama. Muryar cikin injinku take, abin da kunka so shi takan hwaɗi. Ni dai na gani da idona.”

Na yi masa magana irin wadda ban taɓa yi wa babba ba, na ce ya kashe ubanmu karo na biyu, kuma ba na janye ta ko a wannan takarda. Mushe Abdu ya kwana biyu yana mayar da zaren gidansa da ɗan tsinke, ya je Maraɗi shi kaɗai, kuɗin mota daga aljihunsa. Ƙaramar na'urar ta karanta farkon tsaf. Ta karanta sallamar ƙarshe. Abin da ke tsakani yana cikin sharar kasuwa, awaki sun bi ta kai.

Zan gaya muku abin da zargi ke yi wa mutum, don ni ma bai bar ni ba. Shekara da shekaru ina juya abin a raina: Yaya bai sani ba ne da gaske? Ya ji Mushe Abdu ya ce maganar tana nan, za a ji ta a Maraɗi. Mutumin da ya tabbata ubansa ya ce aro ne, me zai hana shi haƙurin mako ɗaya? Wata rana in ce jahilcin abin ne kawai da taurin kai, don fuskarsa ranar fuskar mai gaskiya ce. Wata rana in ce ya ji tsoron abin da zai fito. Na yi masa irin abin da aka yi mini, na sani, kuma ban iya bari ba. Har ya mutu muna gaisawa a bakin ƙofa, ban tambaye shi ba, shi ma bai sake tambayata ba.

Da aka koma gaban mai gari, shaida ta ƙare sai ni. Aka kawo Alƙur'ani aka ajiye a kan buzu. Mai gari ya ce:

“Ɗiyar Nomau, ke ɗai kinka zamna da shi. Ki yi alwalla ki dahwa, ki hwaɗi abin da kinka ji. Abin da kinka ce shi za mu yi.”

Na san Baba. Na san yadda yake da Agali, na ga yatsan da ya ɗaga, kuma zuciyata har yau tana gaya mini ba aro ya ce ba. Da na dafa na ce tasu ce, da an bar wa Gumar gwafarsa, da yaransa sun girma a nan. Babanku ma a daren da ya gabaci ranar ya ce mini in faɗi abin da na san Baba zai faɗa, ai duk ɗaya ne. Amma ba a ce in rantse a kan halin ubana ba, an ce abin da na ji. Na dubi Littafin, na ce:

“Ranka shi daɗe, ban riƙe ba. Ba ni dahwa Alƙur'ani bisa abin da ban riƙe ba.”

Wani a baya ya ce ai ga shi nan, tsoron rantsuwa take. Mai gari ya yanke cewa rijiya ta magadan mai ita ce tunda babu shaidar kyauta, Gumar ya sha har ruwan farko ya sauka, daga nan ya cire igiyarsa. Ba zan ce ya yi zalunci ba, da abin da ke gabansa ya yi hukunci. Yaya ya sami gwafa, bai kuma yafe mini ba, don a ganinsa na ƙi faɗin gaskiyar da za ta wanke shi daga cewa ya kori maƙwabta.

Da ruwa ya sauka Gumar ya haɗa kayansa za su yi arewa. Ya biyo ta Dakoro sayen gero, ya tsaya a ƙofar gidanmu, ke Hadiza kina goye a bayana. Rana ta take, ya sha tafiya, leɓensa duk ya bushe. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na kawo ruwan randa a kwano na ajiye gabansa. Muka gaisa, ya tambayi yara, na tambayi tsohuwarsa. Sai ya yi ƙasa da murya.

“Mariyama, yanzu magana ta ƙare, mun tashi, ba ni komawa wurin kowa. Tsakaninki da Allah, don in gaya ma ɗiyana. Mi tsoho yac ce?”

“Wallahi Gumar ban sani ba.”

Ya gyaɗa kai a hankali.

“To. Allah shi ya sani.”

Ya tashi ya gyara rawaninsa, ya yi mini sallama da ladabi kamar kullum, ya kama akalar raƙuminsa. Mutumin da aka yaye shi da ruwan rijiyarmu, ya sha shi har ya yi furfura. Da na sunkuya zan naɗe tabarmar na ga kwanon cike yake yadda na kawo shi.